Ranar Da Na Ɗauki Ƙaho A Kafaɗa

Samarin yanzu sun ɗauka aikin lasifika danna maɓalli ne. Mutum zai sayo akwatin nan mai tayoyi da ake ja kamar jakar matafiya, ya haɗa shi da wayarsa, ya ƙure ƙara har kaji su watse, shi ke nan wai ya zama mai sana'a. Ba na yi musu gardama, don kuwa ganin kitse suke yi wa rogo. Ni Garba ne, Garba Lasifika in kana tambaya a Anka ko Gummi ko Bukkuyum, kuma na yi shekara talatin da ɗoriya ina kai maganar wasu mutane inda muryarsu ba ta isa. A tsawon wannan lokaci ba a taɓa tara jama'a don a saurare ni ba. Ni ne nake riga kowa zuwa fili, ni ne nake zama na ƙarshe ina naɗe waya bayan kowa ya kama gabansa.

A Gummi na koyi aikin, wurin Malam Audu Mai-Rediyo, Allah ya ji ƙansa. Aikin farko da ya bar mini ni kaɗai wani wa'azi ne a ƙofar gidan wani attajiri. Na ɗaure ƙahonin, wato lasifikar ƙarfen nan mai faɗin baki, na sa su suna kallon katangar gidan da ke fuskantar filin, don a ganina nan mutane suka fi yawa. Malamin yana buɗe baki sai maganarsa ta bugi katanga ta dawo, kowace kalma ta zama biyu, tsofaffi suna ta waige-waige. Washegari Malam Audu ya kai ni filin da rana tsaka babu kowa, ya sa na tsaya a tsakiya na yi ta tafa hannu ina sauraron inda sautin yake dawowa, har tafin hannuna ya yi ja. Daga ranar ban sake ɗaure ƙaho ba sai na zaga wuri tun ana gobe taro, na tafa, na jiƙa yatsa da yawu na ɗaga sama na ji inda iska take kaɗawa.

Sau ɗaya tak ya taɓa marina. Ya same ni na kara kunne a bakin ƙaho ina son jin ko sautin yana fita garau, alhali amfilifaya, injin da ke ƙara wa murya ƙarfi, a kunne take.

“Kai wawa,” in ji shi, “kunnuwa nawa Allah yab ba ka? Biyu na, kuma ba a sai da su kasuwa. Bayan ƙaho aka tsayawa, nesa da shi.”

Sauran abin da ya koya mini bai shafi ƙarfe ba. Mai lasifika ba shi da bishiya, ba shi da rufin shago, kullum a kan na mutane yake ɗaure kayansa, saboda haka dole ya san mai kowace bishiyar da ke bakin fili, ya gaishe shi ko ba ranar aiki ba. In za ka hau sama kuma, sai ka ɗaga murya ka ce a kauce za a hau, kuma idonka ya tsaya a kan igiyarka, don daga sama ana hango cikin gidajen mutane. Wanda kuma ya riga ba ka goron rana, ranar tasa ce, ko da wanda ya fi shi ya zo daga baya.

Kayana ba su da yawa. Amfilifaya guda wadda na gada daga Malam Audu, ƙaho biyu, babba da ƙarami, batirin mota, ƙaramin janareta, makirfo uku, da waya mai tsawon da za ta zaga masallacin Juma'a. Makirfo ɗin nakan naɗe musu kai da soso saboda masu tofa yawu. Masu magana kuwa iri-iri ne. Akwai mai cusa makirfo a baki kamar zai haɗiye shi, akwai mai nuna jama'a da shi yana magana a iska, akwai wanda sai ya bubbuga shi da yatsa sau bakwai ya hura masa iska kafin ya yi sallama. Duk wanda maganarsa ba ta fita ba, ni ake harara.

Alhaji Bube bai taɓa bubbuga mini makirfo ba. Na fara yi masa aiki tun yana shugaban makarantar firamare a garinsu, wani gari mai kasuwar mako a kan hanyar da ta tashi daga Anka ta nufi Bukkuyum. Ranar rabon sakamakon yara ce. Ya riƙe makirfo tazarar tafin hannu ɗaya daga bakinsa, ya yi magana a hankali, yana tsayawa bayan kowace jimla har sai ta isa ƙarshen fili. Kafin a fara ma sai da ya zo inda nake durƙushe ina haɗa waya.

“Garba ko? Ka ci abinci? In mai lasifika na jin yunwa magana ba ta kai nesa.”

Daga nan na zama nasa. Da ya bar koyarwa ya shiga siyasa ni na ɗaure masa ƙaho a taronsa na farko, na ga ya zama kansila, na ga ya zama wanda ba a tsayar da kowa a gundumar sai an je zaurensa. Siyasarsa duk a kan abu ɗaya ta tsaya. Akwai lokacin da wasu suka so a raba gundumar biyu, garin ya tsaya shi kaɗai, ƙauyukan hayin gulbi da rugagen Fulani su nemi nasu wurin da tasu kasuwar. Alhaji Bube ya ce ba da shi ba. Gari ɗaya, kasuwa ɗaya, wannan ita ce maganarsa a kowane taro, har yara suka mai da ita waƙa. Mutanen garin sun so shi a kan haka, don kasuwar da ta haɗa kowa su take ciyarwa, kuma su ke riƙe da ita.

A shekarar 2010, lokacin da gubar dalma ta shiga kashe yara a ƙauyukan masu haƙar zinari, aikina ya koma na shela. Aka ɗora ƙahonina a kan akori-kura, muna bin Abare da Tungar Guru da sauran ƙauyuka muna cewa a daina niƙa dutsen zinari cikin gida, a kawo yara a duba jininsu. Ni da na yi shekaru ina riƙe dalmar liƙin waya da haƙora in hannuwana sun cika, ranar da na ji bayanin abin da take yi wa jiki sai da na tofar da yawu. Alhaji Bube yakan bi mu, saboda in baƙo ya ce a kwashe ƙasar tsakar gida ba mai yarda, amma in shi ya faɗa ana buɗe ƙofa.

Cikin masu aikin kwashe ƙasar akwai wani dogon Bature mai jan wuya, mutumin arewacin Ailan. Wata rana mun zauna cin abinci a gindin tsamiya, ya tambayi abin da yara suke rerawa in sun ga Alhaji. Malama Rahila, wata ma'aikaciyar lafiya 'yar kudancin Kaduna da ke yi mana tafinta, ta fassara masa. Sai ya ajiye cokali, ya ce a ƙasarsu ma an yi mai irin wannan magana.

Ga yadda Malama Rahila ta juya mana labarin. Tsibirinsu rabe yake biyu. Kudu ta ɓalle ta zama ƙasa mai cin gashin kanta, arewa ta zauna haɗe da Ingila, tana da nata firayim minista, kuma jam'iyyar da ke mulki a can ba ta da wata manufa da ta wuce a ci gaba da zama haɗe. Dukansu Kirista ne, amma coci biyu, unguwa biyu, makaranta biyu. Wannan firayim minista ɗan babban gida ne, ya yi soja a yaƙin duniya, ya riƙe baitulmali, sannan ya hau kujerar. Bai taɓa cewa a rabu da Ingila ba. Abin da ya yi kawai, ya ga in ana son haɗin ya ɗore sai 'yan ɗaya cocin sun ji su ma 'yan gida ne. Ya shiga makarantarsu ya gaisa da malamansu, ya gayyato shugaban kudu suka zauna, bai ma sanar da yawancin ministocinsa ba. Mutanensa suka ce ya sayar da su. 'Yan ɗaya cocin kuma suka ce gaisuwa kawai suka gani, ba abin da ya canza. Ya roƙi jama'a, ya kira zaɓe, da ƙyar ya tsira da mazaɓarsa, ba a jima ba ya sauka. Ya ƙare rayuwarsa a hayin teku, nesa da mutanen da ya mulka.

Alhaji Bube ya yi dariya, ya goge hannu. “Malama, hwaɗa mashi wanga mutum nasu bai san siyasa ba. Ba a zuwa gidan abokin gaba a bar mutane baya. Sannu-sannu aka jan su, awa mai kai akuya kasuwa.”

Da aka fassara, Baturen bai yi dariya ba. Ya ce mahaifinsa yana cikin waɗanda suka yi wa mutumin ihu a titi, kuma bayan saukarsa an yi shekaru ana zubar da jini, amma har tsohon ya mutu bai yarda ya yi kuskure ba. Muka tashi muka koma shela, ban sake tuna zancen ba sai bayan shekara huɗu.

A cikin shekarun nan ne daji ya lalace. Aka fara da satar shanu, aka koma tare hanya, aka kai ga kashe manomi a gonarsa. Samarin garin su Alhaji Bube suka kafa ƙungiyar sa-kai, suka yanke cewa kada a sake ganin Bafulatani a kasuwa, namiji ko mace, ko da nono ta kawo. Ana cikin haka aka tsinci gawar ɗan wani Arɗo a bakin gulbi, da buhun kanwar shanu a gefensa. Kowa ya san daga inda abin ya fito, kowa ya ja bakinsa. Rana ta biyu Alhaji Bube ya hau babur shi kaɗai, bai shawarci kowa ba, ya haye gulbi ya je rugar ta'aziyya. Ya zauna a tabarmarsu, aka kawo masa nono ya sha. Kafin ya dawo labari ya riga shi isowa.

Zaɓen fid da gwani ya matso a lokacin, kuma Alhaji yana neman komawa kujerarsa ta kansila. Ya zo Anka da kansa ya same ni a rumfata, ya ajiye mini goro biyu a kan amfilifaya, ya ce ranar Laraba bayan la'asar, a filin kasuwa, yana so ya yi wa mutanensa bayani. Na ga ya rame. Don in sa shi dariya na ce, “Ranka shi daɗe, ina labarin jan akuya sannu-sannu?”

“Ta'aziyya kwana ukku ta, Garba,” in ji shi. “Ba ta jiran in gama lallashin kowa.”

Na ɗauki goron na sa a aljihu.

Washegari Lawali ya zo. Shi ne shugaban samarin sa-kai, kuma shi jam'iyya take shirin tsayarwa a madadin Alhaji. Na san shi tun yana ɗalibin Alhaji a firamare. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata, sannan ya ce shi ma yana da taro ranar Laraba a wani ƙauye, yana son kayana.

“Na riga na amshi goro, Lawali.”

“Baba Garba, mu ba mu da rigima da kai. Amma duk wanda yab ba Alhaji murya ran Laraba ya zaɓi ɓangare.”

“Ni ba ni siyasa. Wanda yar riga zuwa shi nika yi ma aiki.”

Lawali ya ce, “Ƙanena anka yanka cikin gero, Baba. Ni niɗ ɗauko shi. Wa yaz zo muna ta'aziyya daga ruga?”

Ya tashi ya yi mini sallama. Na san abin da maganarsa take nufi. Lokacin zaɓe shi ne kakar mai lasifika, kuma jam'iyyar nan ita ke da yawancin tarukan ƙananan hukumomin uku.

Ranar Talata na je zaga fili kamar yadda na saba, ko da yake na san filin kamar tafin hannuna. Babban ƙaho kullum a kan bishiyar dogon yaron ƙofar shagon Malam Isa nake ɗaure shi, ƙaramin kuma a rufin rumfar mahauta. Malam Isa, wanda muka yi shekara ashirin muna gaisawa, ya fito ya riƙe hannuna biyu.

“Ka yi haƙuri, Garba. Kai Anka za ka komawa, ni ɗiyana garin ga suka kwana.”

Sarkin fawa ma haka. Na bi bishiya biyar da ke bakin filin, kowacce da mai ita, kowane da uzurinsa. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya ɗaga mini murya. Na dawo gida ban sami inda zan rataya ko igiya ba.

Laraba na isa da azahar a akori-kurar wani direba ɗan Gummi wanda bai san abin da ake ciki ba. Ba ranar kasuwa ba ce, rumfuna duk wayam. Na shimfiɗa tabarmi, na kafa tebur, na haɗa waya. Aka yi la'asar, mutane suka fito daga masallaci, kowa ya sunkuyar da kai ya shige lungu. An bi gida-gida an ce kada wanda ya taka filin. Daga ruga ma ba wanda ya zo, sun aiko cewa sun gode da ta'aziyya, amma ta'aziyya ba ta buɗe musu kasuwa ba. Alhaji Bube ya iso da babbar rigarsa fara, ya tsaya ya dubi tabarmin. Akuya biyu ne a kai.

“Naɗe kayanka, Garba,” in ji shi. “Na wahal da kai banza.”

A gaskiya na so in naɗe. Amma ina tsaye sai kunnena ya kama abin da ya saba kamawa. Garin cike yake da motsi. Ana daka ta ko'ina, lokacin tuwon dare ya gabato, injin niƙa na bayan masallaci yana ta ruri, ana jan guga a rijiya. Mutanen ba su je ko'ina ba, suna bayan katanga. An hana su zuwa fili, ba a toshe musu kunne ba. Iska kuma daga gabas take, tana bi ta kan filin tana shiga unguwanni.

Na ce, “Ranka shi daɗe, kai dai yi maganarka. Ba tabarma za ka yi ma ita ba.”

Ƙaramin ƙaho na ɗaure shi a ƙarfen bayan mota na juya shi unguwar masallaci. Babban shi ne matsala. Sauran unguwannin uku ne a baje, kuma in ƙaho bai ɗaga sama da katanga ba maganar bango za ta buga ta dawo, darasin da na koya tun a Gummi. Babu bishiya, babu rufi, babu wanda zai kama mini. Na ja waya na hau kan rufin motar, na ɗaga murya na ce a kauce za a hau, ko da yake ba wanda ya amsa. Na ɗora ƙahon a kafaɗata ta dama, na rungume shi da hannu biyu, ƙarfensa yana manne da kunnena. Na runtse ido don kada in ga cikin gidan kowa. Na san sarai abin da nake yi wa kaina, marin Malam Audu ma sai da na tuna.

“Jama'a, assalamu alaikum. Ni na, Bube. Na san kuna ciki.”

Maganar ta ratsa mini kai kamar an buga tasa. Na fara juyawa a hankali, daga unguwar yamma zuwa ta tsakiya zuwa ta bakin gulbi, in dawo, ina ba kowace unguwa jimla guda cikakkiya, don na san inda yake tsayawa. A tsayawarsa ta farko na ji dakan ya ragu. A ta uku ko ta huɗu injin niƙa ya mutu. Daga nan duk lokacin da ya yi shiru, babu taɓarya ko ɗaya da ke sauka a garin.

Bai ɓoye komai ba. Ya ce ya je rugar, ya zauna, ya sha nono, kuma in an sake kashe wanda bai ɗauki makami ba zai sake zuwa. Sannan ya shiga kiran sunayen mutanen garin da aka kashe, ɗaya bayan ɗaya, da sunan uban kowane da gonar da aka same shi. Da ya zo kan ƙanen Lawali muryarsa ta karye, ya ce shi ya koya masa rubuta sunansa. Ya ce bai je ruga don ya manta da su ba.

“Shekara ashirin kuna yi min tahi kuna cewa gari ɗaya, kasuwa ɗaya. To ita ta wagga. Kasuwa ɗai ta rage inda muka ganin hannun juna. In kunka ruhe ta, ba su daina cin abinci, wurin wani za su sayo shi cikin daji, kuma wanda yac ciyar da su shi za su bi. Ban ce ku zaɓe ni ba. Ku buɗe kasuwa ku kada ni, na yarda.”

Ya fi sa'a guda yana magana. Kafaɗata ta mutu, wani abu mai ɗumi yana bin wuyana, na ɗauka gumi ne. Da ya yi addu'a ya rufe, ba wanda ya ce amin a fili. Na buɗe ido na sauko. Har lokacin filin ba kowa, sai direban da ya ɓuya a cikin mota. Can sai taɓarya ɗaya ta sauka, wata ta bi, injin niƙa ya tashi.

Alhaji ya miƙo mini makirfo, na ga bakinsa yana motsi. Sai da na juya masa kunnen hagu.

“Sun ji?”

“Sun ji, ranka shi daɗe. Ko daka sun bari.”

Ya gyaɗa kai. Sannan ya ciro hankicinsa ya miƙo mini, ya nuna wuyana. Jini ne.

Ranar fid da gwani layi ake yi a bayan ɗan takara, kowa yana ganin kowa. Waɗanda suka tsaya bayan Alhaji Bube ba su cika tabarma ɗaya ba, kuma yawancinsu tsofaffi ne da ba su da abin da za a ƙwace musu. Lawali ya ci. Kasuwa ba ta buɗe ba. Abin da ya biyo baya kowa a yankin nan ya sani, hanyar ta zama sai da rakiya, gonakin hayin gulbi suka koma daji. Ba na cewa da an bi maganar Alhaji da ba a kai nan ba. Ni ba masani ba ne, kuma na ga garuruwan da suka bar kasuwarsu a buɗe abin bai ƙyale su ba.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Har aka gama zaɓe ba wanda ya kira ni taro ko ɗaya daga Anka har Gummi. Masu biki ma suka riƙa zagaye ni, ba don sun ƙi ni ba, don dai kada a gan su. Na koma gyaran tocila da rediyo a bakin tasha, ina zama tun safe ba mai cewa Garba zo. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai a lokacin, ni da na saba da tsakiyar taro ko da ba a kallona. Kunnen dama bai dawo ba, a asibiti aka ce fatar ciki ta fashe kuma abin ya wuce nan. Na hagu, wanda da ma shekaru sun cinye rabinsa, ya ci gaba da ja da baya. Da aiki ya fara dawowa sai na koma aiki da ido da hannu. Ina ɗora tafi a kan amfilifaya in ji rawarta, ina kallon fuskar na ƙarshen fili, in ya karkata kai in ƙara, in na gaba ya yamutsa fuska in rage. Na ɓoye wa mutane abin iyakar iyawata, don ba mai ɗaukar kurman mai lasifika.

Bayan shekara uku na ji Alhaji Bube ya baro garinsu ya dawo Anka gidan ɗansa, kuma ba shi da lafiya. Na je da hantsi. Zauren ƙarami ne, an jingina tabarmi uku a naɗe a kusurwa, shi kaɗai yana zaune a kan buzu da carbi. Mutumin da a da sai ka tsallake takalma kafin ka kai gare shi, takalmina kaɗai ne a ƙofar. Ya gane ni nan take, fuskarsa ta washe, ya jawo hannuna ya zaunar da ni kusa da shi, a gefen da kunnena ya mutu. Ciwon ya cinye masa murya, saura iska kawai.

Ya fara magana. Na karkato da kunnen hagu yadda zan iya ba tare da ya lura ba, ban sami komai ba. Na so in gaya masa, sai na ga yadda yake yi, yana tsayawa bayan kowace jimla kamar yadda ya saba, yana ƙirga wani abu da yatsu, yana nuna yamma wajen garinsu. Sau ɗaya ya yi dariya, na yi. Sau ɗaya ya share ido da hannun riga, na sunkuyar da kai. Na lura ya daɗe bai sami wanda zai zauna ya saurare shi ba, kuma in na ce masa kunnena ya tafi, zai san ranar da ya tafi da dalilin tafiyarsa. Sai na yi shiru ina gyaɗa kai har rana ta take tsaka.

Da na tashi tafiya ya riƙe mini hannun riga, ya dube ni, ya motsa baki a hankali. Wannan kam na karanta a leɓensa.

“Ka ji ko, Garba?”

“Na ji, ranka shi daɗe.”

Ya saki rigata, ya jingina da bango kamar wanda ya sauke kaya. Bayan sati biyu ya rasu. Har yau ban san abin da ya gaya mini ba.